Kambas ɗin 'yan ƙwallon kwando: Kyau a fim, ya yake a ƙafa?

Duk wanda ya kalli fim ɗin Spike Lee na 1989, 'Do the Right Thing', ba zai manta wurin da wani Bature mai keke ya take wa Buggin' Out sabon farin kambas ɗinsa ba. Gogan naka ya tada jijiyar wuya kamar an zagi gyatumarsa! Takalmin nan shi ne Air Jordan 4, kuma har gobe kamfanin Nike na sake buga irinsa. Su ake kira 'retro', wato tsohon yayi da aka dawo da shi.

Dama fim da kambas sun daɗe tare a Amurka. Michael Jordan ya sa Jordan 11 a 'Space Jam' (1996), sannan a 2023 darakta Ben Affleck ya yi fim sukutum mai suna 'Air' kan yadda Nike ta ƙulla yarjejeniya da Jordan a 1984. To amma mai karatu, kyamara ba ta nuna zafin ƙafa.

Mu fara da Jordan 1 na 1985. Wajen ado ba a magana, yana hawa da jins, yana hawa da wandon yadi. Sai dai tafinsa siriri ne kuma da tauri, fatar ma sai ta yi kwanaki kafin ta saki. In wuni za ka yi a tsaye a lokeshin, dugaduganka za su gaya maka.

Jordan 4 ya fi shi tudu, ga raga a gefe, amma mai faɗin ƙafa ya shirya, don yana matse ɗan ƙaramin yatsa. Air Force 1 na 1982 kuwa yalwa gare shi, har mutane da yawa kan rage rabin lamba, illarsa nauyi. Shi ko kakansu, Converse All Star da ya fito tun 1917, shafal yake, amma tamkar a ƙasa kake tafiya.

Ga gargaɗi ga masu zuwa gwanjo. Soson da ke tafin Jordan 4 yana ruɓewa in ya shekara da yawa, ko da ba a taɓa sa shi ba. Ni kaina na taɓa zuba kuɗin wata guda na sayi wani tsaf-tsaf, ran da na fara sa shi wajen wani biki tafin ya farfashe kamar busasshen burodi. Da silifas ɗin aro na koma gida!

Saboda haka kafin ka biya, danna tafin da yatsa, duba ɗinkin don jabu sun cika kasuwa, sannan ka gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka riƙa sawa. Jarumin fim minti biyu yake yi a ciki a ce "kat!" Kai kuwa da shi za ka wuni.