Wa Ya Ce Manhajar Kyauta Ba Ta Aiki?

Akwai wata magana da ke yawo tsakanin samarinmu masu koyon zane a kwamfuta, daga Maraɗi zuwa Tibiri, Gidan Rumji da Sae Sabuwa, kuma ta ishe ni. Wai duk mai son ƙera siffofin wasan bidiyo, in ba shi da manhajar Substance Painter, ɓata lokacinsa yake yi. Wai manhajar kyauta ta yara ce, araha ba ta ado. Da yake kuwa ba mai halin biyan ta gaskiya, sai a ruga intanet a ɗauko fasasshiya, wadda suke kira kirak, a zuba a kile a riƙa miƙa wa juna. Yaro ya tara kuɗin gyaɗa ko na kabu-kabu ya sayi kwamfuta ta hannu, sannan ya zo ya ɗura mata guba da kansa.

Aikin da ake magana a kai ba wani ɓoyayyen abu ba ne. In an ƙera siffar doki ko ta rumbu, tana fitowa ne toka-toka, ba launi. Sai a warware jikinta a shimfiɗa, kamar yadda ake feɗe jar akuya a shanya fatar, a zana mata hotuna: na launi, na kaushi da santsi, na ƙananan tudu da rami, da wanda ke nuna inda ƙarfe yake. Daga nan a mayar mata da su. Injin wasa, ko Unity ne, ko Unreal, ko Godot, waɗannan hotunan kawai yake karantawa. Ba ruwansa da manhajar da ta haife su, ba ya kuma tambayar nawa aka saye ta.

To a zo kan batun cewa kayan kyauta ba ya ado. Blender, manhajar kyautar da ake rainawa, wani ɗan ƙasar Holan ne mai suna Ton Roosendaal ya fara rubuta ta a 1994. Da kamfaninsa ya karye a 2002, masu amfani da ita suka yi karo-karo, suka tara Yuro 100,000 cikin mako bakwai, sama da sefa miliyan 65 ke nan, suka fanshe ta domin ta zama ta kowa. Shi ya sa take kyauta: an riga an biya kuɗinta, kuma har yau ana biyan ma'aikatan da ke gyara ta. A 2019 kamfanin Epic Games, mai Unreal da Fortnite, ya ba gidauniyarta dalar Amurka miliyan 1.2. Shin kamfani irin wannan zai zuba dukiyarsa a kayan wasan yara? A watan Maris na 2025, fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda Gints Zilbalodis ya shirya da Blender, ya ci kyautar Oscar ta finafinan zane, ya kayar da manyan kamfanonin Amurka. Mai cewa manhajar da ta ci Oscar ba za ta iya shafa wa tukunyarsa launi ba, ya binciki hannunsa.

Ba ina cewa Substance Painter ba ta da kyau ba. Kamfanin Allegorithmic na Faransa ne ya yi ta, Adobe ya saye shi a 2019, kuma tana rage wa ƙwararre wahala sosai, musamman wajen sa tsatsa, ƙura da gogewar gefe. Amma sauri take ƙarawa, ba ta ba mutum ido. Wanda bai san bambancin ƙyallin tasa da na ƙwarya ba, ko an ba shi ita kyauta, abin da zai fitar roba ce mai sheƙi.

Ita kuwa kirak, kwaɗayi mabuɗin wahala. Wanda ya zauna ya fasa manhaja ya baza ta a duniya ba don Allah ya yi ba. Shi ya sa umarninsa na farko shi ne ka kashe garkuwar kwamfutarka. Tun daga 2018 ƙwayar cutar kwamfutar nan da ake kira STOP ko Djvu ta irin wannan hanya take shiga, ta kulle duk fayilolin mutum, ta nemi fansar dalar Amurka 980, sama da jaka 500. Wasu ƙwayoyin suna kwashe kalmomin sirri na Facebook da imel, wasu kuma su sa injinka haƙar kuɗin kirifto a ɓoye, kana ta zargin zafin watan Afrilu alhali ɓarawo ne ke cin ƙarfinsa. Bayan haka akwai haƙƙi. Mutum ya tsare salla, ya ƙi taɓa gero a gonar maƙwabci, amma guminsa na neman halal ya gina shi a kan kayan sata? Ranar da wani kamfani ya ba ka aiki ya nemi ganin lasisi, me za ka nuna?

Na san akwai tsadar data, ɗaukewar wuta da ƙarancin masu koyarwa, amma ba ɗaya daga cikinsu da kirak ke magancewa.

Ga abin da ya kamata mai farawa ya yi. Ka ɗauko Blender daga shafinta na asali kaɗai. Lasisinta ya halatta kwafi, don haka mutum ɗaya in ya shiga Maraɗi ya sauke ta, zai iya raba wa abokansa goma ba tare da laifi ba. In kwamfutarka tsohuwa ce ta ƙi ɗaukar sabon fitowa, tsofaffi irin su 2.93 da 3.6 suna nan ajiye a shafin. Ka ƙara wa Blender Ucupaint, kyauta ce, tana ba ka damar yin fenti hawa-hawa. Don zanen hannu ka riƙe Krita, tana da tsarin da ke nuna maka ko bakin hoto ya haɗu da ɗan'uwansa in an jera. Don ƙirƙirar bulo, tsakuwa ko katako akwai Material Maker. Mai ɗan hali ya duba ArmorPaint, sau ɗaya ake biyan kuɗinta, ba wata-wata ba. Shafukan Poly Haven da ambientCG suna ba da hotunan dutse, ƙasa da yadi da aka yafe wa kowa, har da mai sayar da aikinsa.

Kafin ka biya ko dala, ka tambayi abu uku: sau ɗaya ne ko kowane wata, an yarda a yi kasuwanci da abin da aka yi da ita, kuma tana buɗewa ba intanet? In kai ɗalibi ne a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ka nemi lasisin ɗalibai na Adobe, amma ka sani na koyo ne, ba na sayar da aiki ba.

Kada girman hoto ya ruɗe ka. Hoto mai 4096 ya ninka mai 1024 sau 16 wajen cin ƙwaƙwalwar inji, kuma ga wasan waya ƙaramin ya wadatar a mafi yawan lokuta. Ka yawaita ajiye aiki, ka riƙe kwafi a kile daban. Sannan ka fita da wayarka da sassafe ko ranar da hadari ya rufe rana, lokacin da inuwa ba ta da ƙarfi, ka ɗauki hoton bangon laka, zana, tabarmar kaba, jikin rumbu da rinannen zane. Waɗannan ba su cika samuwa a rumbunan Turawa ba, su ne za su bambanta aikinka da na wani.

Iyaye da yayye da ke taimaka wa yara da kuɗin kwamfuta, ku riƙa tambayar abin da suke zubawa a ciki. Masu gyaran inji, ku ji tsoron Allah ku daina cika wa mutane na'ura da kayan sata. Ku kuma samari, ku goge kirak ɗin nan yau, ku canza kalmomin sirrinku, ku zauna ku koyi Blender.