Zaɓen Maɗaba'a Domin Buga Buhu, Tambari da Takardun Tallar Amfanin Gona

Gabatarwa

Ƙungiyoyin manoma da ƙananan kamfanonin iri da masu sarrafa shinkafa, garin rogo ko man gyaɗa sun daɗe da gane cewa kaya mai suna ya fi kaya marar suna daraja a kasuwa. Saboda haka ne suke buga buhu da tambari da takardun talla da kalanda. Sai dai da yawa daga cikinsu farashi kawai suke dubawa wajen zaɓen maɗaba'a. Abin da aka rubuta a jikin buhu alkawari ne tsakanin mai kaya da mai saye, kuma hukuma na iya kama mai kaya da shi. Idan an yi kuskure ɗaya a wurin bugu, zai fito a kan kowane buhu, ko da dubu biyar ne. An shirya wannan bayani domin malaman gona da shugabannin ƙungiyoyi su san abin da za su duba kafin su ba da aiki.

A fara sanin irin aikin

Ba kowace maɗaba'a ce ke iya kowane aiki ba. Akwai hanyoyi uku da aka fi amfani da su:

1. Bugu kai tsaye daga kwamfuta. Ya dace da aiki kaɗan, kamar takardun gayyata zuwa ranar gonar gwaji ko tambari ɗari biyu. Yana da sauri, amma kuɗin kowane kwafi ba ya sauka sosai ko da an ƙara yawa.

2. Bugu da babban inji mai faranti. A nan sai an fara yin farantin ƙarfe na kowane launi, kuma hoto mai cikakken launi yana bukatar faranti huɗu. Kuɗin farawa yana da yawa, amma da zarar inji ya tashi, sauran kwafin suna zuwa da araha.

3. Bugu a jikin buhu ko leda. Wannan sana'a ce ta daban, da injinta da tawadarta. Mai buga takarda yakan karɓi irin wannan aiki ya kai wa wani, ya ɗora ribarsa.

Ga misali da alƙaluman da aka ƙaddara domin bayani kawai. Idan faranti da tayar da inji sun ci naira 40,000, kowane kwafi kuma naira 20, to kwafi 500 zai tashi naira 50,000, watau naira 100 kowane ɗaya. Kwafi 5,000 kuwa zai tashi naira 140,000, watau naira 28 kowane ɗaya. Wannan ne ya sa ya fi kyau ƙungiya ta haɗa bukatar 'ya'yanta ta buga a lokaci guda. Amma kada arahar ta sa a buga abin da zai tsufa. Farashi da ranar sarrafa kaya da lambar rukuni suna canzawa, don haka a bar musu fili a cike da hatimi.

Abin da za a duba a maɗaba'a

A je wurin da ƙafa, a ga injin da ido. A manyan cibiyoyin ɗab'i kamar unguwar Shomolu a Legas, da kuma Kano da Kaduna, akwai masu inji, akwai kuma dillalai. Aiki da dillali ba laifi ba ne, amma ya kamata a san da wa ake magana, domin a san wanda za a kama idan aiki ya lalace. A nemi ganin takardar rajistar kamfanin da Hukumar Rajistar Kamfanoni, da tabbataccen adireshi.

A nemi samfurin aikin da suka taɓa yi irin wanda ake so, a gwada shi. A goga tambari da jiƙaƙƙen yatsa a ga ko tawadar za ta bi hannu. A ajiye buhu a rana na mako guda a ga ko launin zai koɗe. Ga masu man gyaɗa da manja, a ɗiga mai a kan tambarin a ga ko zai saki. Kayan gona suna shan rana da raɓa da jifa a mota, ba kamar takardar ofis ba. Idan abinci ne zai shiga ledar, bugun ya tsaya a waje, kada tawada ta taɓa abincin.

A tambayi nauyin takarda. Takardar rubutu ta yau da kullum giram 80 ce, takardar talla mai sheƙi ta kan kama daga giram 115 zuwa 150, kati kuma daga 250 zuwa 300. Wani lokaci mai araha yana rage farashi ne ta hanyar rage kaurin takarda. Saboda haka a nemi farashi a rubuce daga wurare uku a kan bayani iri ɗaya: girma, nauyi, yawan launi da adadi.

Harshe da haruffa

Wannan shi ne inda aka fi samun matsala, musamman idan mai shirya rubutun ba ya jin Hausa. Wasu nau'o'in haruffan kwamfuta ba su da ɓ, ɗ da ƙ, sai su fito babu lanƙwasa ko su bar gurbi. Bambancin ba ƙarami ba ne: "ƙara" daban, "kara" daban, haka nan "baƙi" da "baki". A nemi a buga layi ɗaya mai ɗauke da waɗannan haruffa, manya da ƙanana, a gani tun kafin a yi ciniki. Idan ana son ajami, a sami wanda ya iya shi ya rubuta ya kuma duba.

Abin da doka ta tanada

Abincin da aka ɗura a mazubi domin sayarwa yana ƙarƙashin kulawar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Tambarinsa zai nuna sunan kayan, abubuwan da ke ciki, nauyi, suna da adireshin mai yi, lambar rukuni, ranar sarrafawa, ranar da zai daina amfani, da lambar rajista. Kada a buga lambar da hukuma ba ta bayar ba, kuma kada a ari ta wani. Iri kuwa yana ƙarƙashin Majalisar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa, bisa dokar 2019. Shaidar ingancin iri daga majalisar take fitowa, ba a yin ta a maɗaba'ar unguwa. Idan an cakuɗa iri da magani, a rubuta gargaɗi da manyan haruffa cewa ba na ci ba ne. Maɗaba'ar da ta yarda ta kwaikwayi hatimin hukuma ko tambarin wani kamfani, a guje ta, domin gobe za ta buga wa wani naku.

Duba samfuri kafin bugu

Kada a taɓa ba da izinin bugu ta waya. A karɓi samfuri a takarda, domin launin da ake gani a fuskar waya ba shi ne yake fitowa daga inji ba. Mutum biyu su duba, ɗaya daga cikinsu malamin gona. A karanta kowace lamba da ƙarfi. FARO 44 da FARO 52 duk shinkafar fadama ce, amma ta farko ta riga ta biyu nuna, kuma manomin da ya sayi wata a madadin wata zai yi kuskuren lissafin ruwa da girbi. Haka yake ga yawan taki a kowace hekta, da tazarar shuka, da lambar wayar ƙungiya. Bayan gyara, a sa hannu a kwafi biyu, a riƙe ɗaya. Shi ne hujja idan abin da aka kawo ya bambanta.

Lokaci da yarjejeniya

Buhun irin da ya iso bayan an gama shuka asara ce, komai kyansa. A ba da aiki aƙalla wata biyu kafin faɗuwar damina ko fara girbi. A tuna cewa maɗaba'u suna cika da aikin kalanda a ƙarshen shekara, da aikin 'yan siyasa idan zaɓe ya gabato. A rubuta yarjejeniya mai nuna adadi, ranar kawowa, wanda zai biya kuɗin mota, da abin da za a yi idan laifin maɗaba'a ne. A biya kafin alƙalami kawai, a karɓi rasit, a cika sauran bayan an ƙirga kaya an kwatanta su da samfurin da aka sa wa hannu. A kuma karɓi kwafin zanen a ajiye a hannun ƙungiya, domin kada a ɗaure ta da wuri ɗaya.

Kammalawa

Ana shawartar ƙungiyar da za ta fara hulɗa da sabuwar maɗaba'a ta gwada ta da ƙaramin aiki kafin ta miƙa babba. Malaman gona kuma su taimaka wajen duba sunayen iri da ma'aunai kafin a sa hannu, domin manomin da ya sayi buhu zai yi aiki ne da abin da ya karanta a jikinsa.