Bin sawun labari a taswira: Ina gidan mai shan jini yake?

Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san abin da ke faruwa bayan an kashe fitila. Wani zai gyara murya ya ce yana da labarin mayya. In ya ce abin ya faru ne "a wani gari", kafin ya kai tsakiya rabin ɗakin sun yi barci. Amma bari ya ce a hanyar Ɗaki Takwas zuwa Gummi ne, dab da gulbi, nan take kowa zai ja bargo ya yi tsit. Labarin bai canza ba. Sunan wurin da muka sani ne ya sa tsikar jikinmu ta tashi. Marubuta sun daɗe da gane wannan dabara, su kuma masu karatu sun mai da neman wuraren da ke cikin littafi wani abin sha'awa na musamman.

Unguwar da littafi ya fito da ita

A shekarar 2004 wani marubuci ɗan ƙasar Suwidin, John Ajvide Lindqvist, ya fitar da littafinsa na farko mai suna Låt den rätte komma in, wato "bar wanda ya dace ya shigo". Labarin Oskar ne, yaro ɗan shekara 12 da abokan karatunsa ke cin zalinsa, da sabuwar maƙwabciyarsa Eli. A ido yarinya ce sa'arsa, alhali halitta ce mai rayuwa da jinin mutane. A tatsuniyoyin Turawa irin wannan halitta ba ta iya shiga gida sai an yi mata izini, daga nan sunan littafin ya samo asali.

Tsofaffin labaran masu shan jini a kangon fada ko a maƙabarta ake saka su. Lindqvist kuwa ya saka nasa a Blackeberg, unguwar da ya tashi a cikinta, a gefen birnin Sitokhom, cikin shekarar 1981. Unguwa ce ta ma'aikata da aka gina a farkon shekarun 1950, mai jerin benaye inda kowane iyali ke da sashensa, bango ɗaya tsakaninsu da maƙwabta. Ta wannan bangon Oskar da Eli ke ƙwanƙwasa wa juna saƙo da dare. Tashar jirgin ƙasan da aka buɗe a 1952 tana nan, titin Ibsengatan yana nan, ƙaramin dajin da ke gefen gidajen ma yana nan. Mai karatu zai iya sauka daga jirgi da littafi a hannu ya bi hanyar da Oskar ke bi.

Wanda ya kalli fim ɗin 2008 kaɗai kan sha mamaki in ya je. Yawancin fim ɗin a garin Luleå aka ɗauke shi, can arewacin ƙasar, saboda a samu dusar ƙanƙara. Darasi na farko ke nan: littafin za ka bi, kada fim ya ruɗe ka.

Namu marubutan sun riga shi

Shekara 70 kafin wannan littafi, matasanmu sun yi irin haka. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa. Cikin waɗanda aka buga a 1934 akwai Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda a lokacin malamin makaranta ne.

Ɗauki taswirar Afirka ka bi littafin. Umar ɗan Kagara ne. Mahaifiyarsa 'yar Fatika ce, garin da yau yake Ƙaramar Hukumar Giwa a Jihar Kaduna. Mijin mahaifiyar, Makau, ya koma Maƙarfi. An sace Umar yana ƙarami, ya faɗa Kano, wani Balarabe ya tafi da shi Masar. Uwar ta bi sawunsa, ita ma aka bautar da ita aka kai ta Murzuk, a kudancin Libiya ta yau. Daga ƙarshe Umar ya zauna a Rauta ta ƙasar Bauchi yana karantarwa. In ka haɗa waɗannan ɗigo da fensir, abin da zai fito maka shi ne hanyar fataucin bayi ta hamada. Umar ƙagagge ne, amma hanyar ta gaske ce, kuma mutane na gaske sun mutu a kanta.

Ganɗoki na Bello Kagara shi ma da ƙasa ta gaske ya fara: Kwantagora ta Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, wadda Turawa suka ci a 1901. Daga nan ne jarumin ya zarce duniyar aljanu. Gano inda tarihi ya tsaya ƙirƙira ta karɓa, shi ne daɗin wasan.

Yadda za ka gwada

Samo littafin da kuke yi a ajin Hausa, da takarda, da taswirar ɗakin karatu ko ta waya. Rubuta kowane gari da kogi da kasuwa da aka ambata, da lambar shafin. Sai ka raba su uku: na gaske, na ƙirƙira, da wanda aka sauya wa suna. Ka kula da masu suna iri ɗaya. Nasarawar Burkullu ta Bukkuyum daban, Nasarawar Godel daban, ga kuma Nasarawa ta Kano. Garuruwan da marubuci ya ambata kusa da ita su za su gaya maka wadda yake nufi. Abin da taswira ta kasa, tambayi kakanka ko direban tasha. A halin tsaron da yankinmu ke ciki, wannan bincike na zaune ne. Kada kowa ya kama hanya don ganin wuri ba da sanin iyayensa ba.

In kuma kai ne mai rubutun, saka garinka. Hanyar Mayanci zuwa Anka, ramukan zinare na Bagega, fadamar Gulbin Zamfara a Gummi, duk sun isa ɗaukar labari kamar yadda Blackeberg ta ɗauka.

Inda ya kamata a tsaya

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare wani na gaba da mu ya ba mu labarin mayyar da ke kama kurwar yara. Ya faɗi unguwar, ya faɗi durumin da ke ƙofar gidan, har launin ƙyauren ya faɗa. Ranar da aka bar mu fita muka je, muka tarar da komai yadda ya ce. Wata tsohuwa ce a gidan, mai sayar da ƙuliƙuli, kuma ɗalibai ne rabin masu sayenta. Muka daina saye. Labarin ya fita daga makaranta ya shiga gari. Wata rana wasu suka jefi ƙyauren, ni ina tsaye ban hana ba. Ta leƙo ta ce, "Ɗiyana, mi niy yi muku?" Ba wanda ya amsa.

Daga baya mai labarin ya gaya mana yana dariya cewa shi ya ƙirƙira, gidan kawai ya fi tunawa. Tsohuwar ba ta ji wannan bayani ba, cinikinta kuma bai dawo yadda yake ba. A Suwidin, iyakar abin da mazauna Ibsengatan za su gani shi ne baƙo yana ɗaukar hoton bene, domin ba wanda ya yarda akwai mai shan jini a ciki. A nan kuwa zargin maita kan kori mutum daga gari, wani lokaci har a rasa rai. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Saboda haka ka ambaci gari, ka ambaci titi da gulbi da ranar kasuwa. In ka zo ƙofar gida, ƙirƙiro taka. Tafawa Ɓalewa ya ba mu Kano da Murzuk, bai nuna gidan kowa ba, kuma shekara fiye da 90 ke nan ana karanta shi. Wannan makon ka zana taswirar littafi ɗaya, ka kai wa malamin Hausa ku duba tare.