Ciwon mahaifa a karya: yadda muka kusa rasa tamu a Akurba

Jama'a, in kuna da karya mai gadin shanu ko shago, ku saurara. A gidanmu na Akurba, Lafia, akwai wadda ke kwana a turken shanun Baba. Wata guda bayan ta gama neman namiji, sai ta daina ci, tana ta shan ruwa, ga amai, ciki ya kumbura. Muka ɗauka juna biyu ne. Ashe mugunya ce ta cika mahaifa.

Likitan dabbobi ya ce ciwon kan zo makonni 2 zuwa 8 bayan lokacin barbara. In bakin mahaifa a buɗe yake, za ka ga mugunya na ɗiga. In a rufe yake, ya fi haɗari: mugunyar ba ta fita, har mahaifar na iya fashewa ko ƙoda ta lalace.

Tiyata aka yi. Aka ƙara mata ruwa, aka cire mahaifa da ƙwan haihuwa. Muka hana ta lasar ɗinkin da guje-guje, a kwana na 12 aka cire zare. Ta koma gadi, sai dai haihuwa ta ƙare.

Kada ku tsaya sayen kafso a kemis, ku garzaya asibitin dabbobi. Dabba amana ce.