Lemon Kwali da Tumatirin Gwangwani: Wanne Ya Fi Amfani a Jiki?

Duk wanda ya taɓa tashi daga Bilbis ko Tsafe zuwa dubiya a wani asibiti na Gusau ya san kayan da ake riƙewa: ayaba, madara, sai lemon kwali. Cikin lemon kwalin kuwa na tuffa ya fi daraja, domin tuffa ba ta fita a ƙasarmu ta Zamfara, kuma abin nesa kullum kwarjini gare shi. Tumatirin gwangwani shi kam ba ya shiga ledar dubiya. Na cefane ne, ana saye ana ƙorafi. Amma da za a ɗora su biyun a sikelin amfanin jiki, da yawanmu za mu sha mamaki.

Ita tuffa tun asali ba ta da bitamin C mai yawa. Idan aka matse ta aka tace, ɓawo da tuƙar da ke taimaka wa hanji sun tafi, saura ruwa da sukari. Sau da yawa ma sai an ƙafe ruwan ya yi kauri a wata ƙasa, an yi jigilarsa, sannan a sake sirka shi a masana'anta. Shi ya sa ake zuba masa bitamin C na haɗi, a rubuta a jikin kwali cewa an inganta shi. Bitamin ɗin na gaskiya ne, yana kuma aiki, har yana taimaka wa jiki tsotsar sinadarin ƙarin jini da ke cikin wake da zogale. Sai dai kofi guda na wannan lemo yana ɗauke da sukarin da ya kai kimanin cokalin shayi 6. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sukarin ruwan 'ya'yan itace a sahu ɗaya da wanda muke zubawa a koko, ta ce ya fi kyau babban mutum ya tsaya a kusan giram 25 a yini. Wato kofi ɗaya ya cinye kason yinin gaba ɗaya. To ina ga mai ciwon sukari da ke kwance, 'yan dubiya suna ta cewa "daure ka sha, Baba, zai ƙara maka ƙarfi"?

Ga yara ma akwai magana. Ruwan tuffa na iya tsananta gudawa, kuma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce tun 2017 kada a ba jaririn da bai cika shekara ba ruwan 'ya'yan itace. Mai gudawa ruwan gishiri da sukari na asibiti yake buƙata.

Shi tumatir akasin haka yake. Wuta tana rage masa bitamin C, wannan gaskiya ne. Amma sinadarin da ke ba shi ja, wanda masana ke kira laikofin, jiki ya fi samunsa idan an dafa tumatirin, musamman da mai. Ashe uwargida da ke soya tumatirin gwangwani da man gyada kafin ta tsayar da sanwa, kimiyya take yi ba ta sani ba. Akwai kuma fotashiyam mai yawa a cikinsa, da ɗan abin da ya rage na tuƙa, kuma cokali biyu ke ƙosar da tukunyar gida guda, don haka sukarin da kowa zai samu kaɗan ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne ba kowane jan abu a gwangwani ko leda ba ne tumatir zalla. Wasu haɗi ne: tumatir kaɗan, sitaci, sukari, gishiri da launi. Ana gane su daga jerin kayan da aka rubuta a baya, domin abin da ya fi yawa shi ake fara ambata. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa a bar wa mai shago abinsa, wanda aka fasa kuma a juye ragowar a wani mazubi mai murfi. Mai hawan jini ya lura da gishirin kafin ya ƙara dunƙule.

Ban manta da 2016 ba, shekarar da wata tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna har kwando ya gagari talaka. Gwangwani da kauɗa su suka rufa wa miya asiri. Kauɗar nan da ake shanyawa da rani ita ma tumatir ce sosai, matuƙar ba a ƙasa aka baza ta ba, kuma ba ta yi fumfuna ba.

Bitamin C ɗin da muke biya da tsada a kwali kuwa, gwaiba guda ta fi lemon zaƙi yawansa, garin ƙwalba na kuka ma haka. Ranar kasuwar Tsafe duka biyun ana samunsu a faifai, a bakin hanya.