Me Ya Kashe Maraƙin? Yadda Muka Bi Diddigi a Ruga

Da daminar bara malaminmu ya kwashe mu, mu ɗalibai biyar masu karatun likitancin dabbobi, zuwa wata ruga da ke bayan gari. An kira shi ne saboda wani maraƙi ya mutu kwana uku da haihuwa. Mun tarar da mai garken cikin damuwa, don akwai shanu shida masu ciki da ke dab da haihuwa. Wasu a rugar na cewa kambun baka ne, wasu kuma sun ɗora laifin a kan yaron da ke kiwo, wanda bai wuce sa'ar ƙannenmu na sakandare ba.

Mun ɗauka wuƙa za a fara ɗauka, sai malam ya fara da tambaya. "Baffa, yaushe ta haihu, kuma yaushe ya fara shan nono?" Dattijon ya ce karsana ce, haihuwar fari. Cikin dare ta haihu ana ruwa, ta yi ta harbin ɗan, bai samu ya kama nono ba sai washegari da yamma.

Nan malam ya tuna mana darasin aji. Ana haihuwar maraƙi kusan ba shi da garkuwar jiki, domin ba ta ratsawa daga uwa zuwa gare shi a ciki. Daga dakashi yake samunta, wato nonon farko mai kauri. Ana so ya sha cikin awa 6 na farko, domin bayan awa 24 hanjinsa ya kusa daina karɓar wannan garkuwa.

Muka sa safar hannu muka buɗe gawar. Cikinsa ba nonon kirki. Cibiyarsa ta kumbura da mugunya, kuma mugunyar ta bi jijiyar cibiya har zuwa hanta. Da muka waiwayi inda aka haife shi, taɓo ne da kashin shanu. Ƙwayoyin cuta sun shiga ta ɗanyar cibiya, suka tarar ba mai tare su.

Duk da haka malam bai yanke hukunci ba. Ya ɗebi jinin uwar aka kai ɗakin gwaji don neman bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari ko haihuwar raunanan maruƙa, take kuma kama mutane ta hanyar ɗanyen nono. Sakamako ya nuna ba ita ba ce.

Maganin bai kai kuɗin kaza ba: busasshen wuri don haihuwa, tsoma cibiya a ruwan aidin, da tabbatar da dakashi ya shiga cikin maraƙi da wuri. Idan uwa ta ƙi ɗanta, a riƙe ta ya sha, ko a tatsa a ba shi. Yaron da aka zarga shi aka damƙa wa kwalbar aidin.

Ku da kuke da dabbobi a gida, idan ɗan saniya ko na akuya ya mutu, kada ku taɓa gawar ko mabiyiya da hannu tsirara. Ku rubuta lokacin haihuwa, lokacin da ya fara shan nono da alamun da kuka gani, sannan a kira jami'in lafiyar dabbobi kafin gawar ta lalace. Da irin wannan bayanin malaminmu ya fara, kafin ya taɓa wuƙa.