Kafin Ka Sayi Kulocin Mota, Duba Nauyin Kayanka

Duk wanda ya zauna bakin titin Showak, kan hanyar Gadarif zuwa Kassala, ya san motocin Hilux ba sa hutawa da kaka. Buhunan riɗi da dawa ne har sama. To, a nan ne kuloci ke shan wahala, musamman idan mota ta kafe a baƙar lakar yankin da damina.

Wasu matasan direbobi kan yi sha'awar kuloci irin na motocin tsere, mai fuskar tangaran. Gaskiya yana jure zafi, amma kamunsa na farat ɗaya ne. A cunkoson kasuwa sai mota ta riƙa fizga, kuma yana saurin cinye filawil, wato faifan ƙarfen nan da ke bayan inji.

Haka ma filawil marar nauyi. Yana sa inji saurin tashi, amma da ka ɗora kaya ka zo hawa, sai motar ta mutu. Nauyin faifan ne ke riƙe juyin inji lokacin ɗagawa.

Saboda haka ɗan kasuwa ya nemi kuloci mai ƙarfin matsi da fuska ta asali, ya bar filawil mai nauyi. Ranar sauyi a daidaita fuskar faifan, a canza boris, sannan a lallaɓa motar kamar kilomita 800.

Tun ɓarkewar yaƙin Sudan a Afrilun 2023 kayan gyara suka yi tsada, araha kuwa ba ta ado. Allah ya kiyaye hanya.